Amosanin Gaɓɓai Da Tafiya Ƙasar Waje: Shirin Da Ya Kamata Mai Shan Maganin Rage Garkuwar Jiki Ya Yi

 A wannan mako za mu yi magana ne a kan masu fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda likitoci ke kira rumatoyid, musamman waɗanda aka ɗora a kan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, kuma tafiya ƙasar waje ta kama su. Wani Umara ce ko Hajji, wata fatauci ne zuwa Dubai ko Chaina, wani kuma ganin likita ne a Masar ko Indiya, ko ziyarar 'ya'ya a Ingila. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: "Shin zan iya tafiya da wannan magani a jikina?" Amsar ita ce, mafi yawan masu wannan lalura za su iya, matuƙar ciwon ya lafa, kuma an fara shiri tun da wuri. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, domin ku iya dubawa ku gane naku.

Wane irin ciwo ne, kuma me maganin yake yi?

Wannan ciwo daban yake da ciwon gwiwar da tsufa ko nauyin jiki ke kawowa. A nan garkuwar jikin mutum ce take ruɗewa, ta koma tana yaƙar gaɓɓansa. Yakan fara da ƙananan gaɓɓai, kamar yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, yawanci hagu da dama a tare, sannan mutum ya riƙa tashi da safe gaɓɓansa a sandare na tsawon lokaci kafin su saki. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu zuwa uku a kan maza.

Tunda garkuwar jiki ce ke ɓarnar, maganin da ake bayarwa aikinsa shi ne ya rage mata ƙarfi. Wanda aka fi farawa da shi shi ne Methotrexate, ana shan sa ko a yi allurarsa sau ɗaya a mako. Akwai Leflunomide, akwai Prednisolone da ake haɗawa a lokacin da ciwon ya tashi, sai manyan allurai irin su Adalimumab da Etanercept da Tocilizumab da Rituximab, da ƙwayoyi irin su Tofacitinib. Akwai kuma Hydroxychloroquine da Sulfasalazine, waɗanda ba sa danne garkuwar jiki sosai kamar sauran.

Waɗannan magunguna su ne ke hana yatsu karkacewa, su bar uwa ta ci gaba da ɗaukar ɗanta, ɗan kasuwa ya ci gaba da buɗe shagonsa. Amma maigadin da aka rage wa ƙarfi don kada ya riƙa dukan 'yan gida, shi ne dai zai tare ɓarawo a ƙofa. Shi ya sa ƙwayar cutar da wani zai sha Paracetamol ya wartsake, kai tana iya kwantar da kai a asibiti. Dalilin dukkan shawarwarin da ke tafe ke nan.

Ga likitanku tun kafin ku sayi tikiti

A ga likitan da ke duba ciwon aƙalla mako shida zuwa takwas kafin ranar tashi. Masu zuwa asibitocin koyarwa na Legas ko Ibadan ko Abuja sun san yadda samun layin ganin ƙwararren likita yake, don haka a nemi rana tun lokacin da aka fara maganar biza. A faɗa masa ƙasar da za a je, da tsawon zaman, da irin aikin da za a yi a can. Mai zuwa taron kwana uku a otal ba ɗaya yake da mai zuwa Hajji cikin cunkoson mutane sama da miliyan ɗaya ba.

A wannan ziyara a yi gwajin jini na ƙwayoyin jini da hanta da ƙoda, wanda dama wajibi ne lokaci zuwa lokaci ga mai shan Methotrexate ko Leflunomide. Idan kwanan nan aka fara maganin ko aka ƙara yawansa, gwajin yakan zo kusa da kusa, kuma doguwar tafiya za ta katse shi. A irin wannan hali gara a ɗage tafiyar idan da hali. Haka nan idan gaɓɓan suna cikin kumburi, ko akwai wani miki da bai warke ba.

Sannan a karɓi wasiƙa daga likita, da Turanci, mai ɗauke da tambarin asibiti. Ta faɗi sunan ciwon, da ainihin sunan kowane magani, ba sunan kamfani kawai ba, da yawan da ake sha da lokacinsa, ta kuma bayyana cewa mai ita yana tafe da allurai da ƙanƙarar sanyaya su idan haka ne. A ɗauki hotonta a waya, a bai wa abokin tafiya kwafi ɗaya.

Katin shawara da sauran alluran rigakafi

Nan ne aka fi samun matsala, don haka ku karanta a tsanake. Alluran rigakafi iri biyu ne. Akwai waɗanda aka yi da matacciyar ƙwayar cuta ko wani ɓangare nata, akwai kuma waɗanda aka yi da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Kashi na farko ba su da haɗari ga mai raunin garkuwar jiki, hasali ma ya fi kowa buƙatarsu. Kashi na biyu kuwa, ƙwayar da aka raunana tana iya samun sarari ta yaɗu a jikinsa ta zama ciwo na gaske.

Allurar zazzaɓin shawara tana cikin masu rai. Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar take, shi ya sa ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suke neman katin nan mai ruwan ɗorawa daga hannun wanda ya fito daga nan. Idan an taɓa yi maka allurar a baya, an huta. Tun daga watan Yulin 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sake ta bayan shekara goma kamar yadda ake yi a da. Idan katin ne ya ɓata ko ya tsufa, abin da kake buƙata sabon kati ne daga ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, ba sabuwar allura ba. Ka faɗa musu maganin da kake sha kafin kowa ya ɗauko sirinji.

Idan kuma ba a taɓa yi maka ba, kada ka karɓa sai da izinin likitanka. Hanya biyu ce. Ko dai likita ya tsara dakatar da maganin na wani lokaci, a yi allurar, a jira, sannan a koma, wanda yakan ɗauki makonni ko watanni gwargwadon irin maganin, ko kuma a rubuta maka takardar uzuri ta lafiya. Sai dai ka sani cewa ƙasar da za ka je ita ke da ikon karɓar takardar uzurin ko ƙin karɓa, don haka a tambayi ofishin jakadancinta, ko hukumar alhazai ta jiharku, tun kafin ranar tashi. Kada ka dakatar da maganin da kanka don ka samu kati. Kuma kada ka sayi katin bogi a bakin filin jirgi. Ban da laifi da kunya idan aka kama, katin zai sa duk likitan da ya duba ka a gaba ya ɗauka kana da kariyar da ba ka da ita.

Ɗigon shan inna na baki shi ma mai rai ne. Saudiyya ta sha neman shaidar rigakafin shan inna daga mahajjatan Nijeriya, kuma sharuɗɗanta sukan canza daga shekara zuwa shekara. Akwai na allura wanda ba shi da rai, shi za ka nema. Idan aka miƙo maka na baki a sansanin alhazai ko a filin jirgi, ka nuna wasiƙar likitanka. Allurar ƙyanda da ta ƙarambau su ma masu rai ne.

Allurar sanƙarau mai kare iri huɗu, wadda ta zama dole ga mahajjata, ba ta da rai, kuma ana so a yi ta aƙalla kwana goma kafin isa Saudiyya. Haka allurar mura ta shekara-shekara, da ta nimoniya, da ta ciwon hanta nau'in B, da ta taifod ta allura. Duk za ka iya karɓa. Abin lura kawai shi ne jikinka yana iya jinkirin gina kariya, musamman idan kana kan Rituximab, don haka likita ne zai zaɓi ranar da ta fi dacewa.

Yadda za a ɗauki magani

Magani a jakar hannu yake tafiya, ba a babban akwati ba. Akwati yana iya maƙalewa a Adis Ababa ko Alƙahira kai kana Jidda, sannan sanyin ƙasan jirgi yana iya daskarar da allura, kuma allurar da ta daskare ta lalace ko da ta narke. A bar kowane magani a kwalinsa na asali, kada a juye su a leda ɗaya. A ɗauki abin da zai isa tafiyar, a ƙara na mako biyu, domin duk mun san yadda jigilar dawowa take jinkiri.

Allurai irin su Adalimumab da Etanercept suna son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A hanya a sa su a ƙaramar kula da ƙanƙarar roba, a naɗe su da tawul don kada su taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Wasu suna iya zama a waje na ɗan lokaci. Humira, misali, tana iya kai kwana 14 muddin zafin wurin bai wuce digiri 25 ba, kuma idan kwanakin suka cika ba a yi amfani da ita ba sai a zubar. Amma ku tuna, digiri 25 zafin ɗaki mai na'urar sanyaya wuri ne, ba zafin motar haya a Makka ko tanti a Arfa ba. A karanta takardar da ke cikin kwalin, domin kowane kamfani da nasa ƙa'ida. A tambayi otal tun daga gida ko akwai firji a ɗaki. Allurar da aka yi amfani da ita a jefa ta a gora mai kauri mai murfi.

Dokar hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 ba ta hana magani ba, amma sai ka fito da shi ka nuna wa jami'an bincike tare da wasiƙar.

Sai maganar masu kashe zafi. Da yawa daga cikin masu ciwon gaɓɓai suna ajiye Tramadol ko mai ɗauke da Codeine. Dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Masar a kan waɗannan tana da tsauri ƙwarai, kuma shiga da su ba tare da takardar likita da izinin da ake buƙata ba yana iya kai mutum gidan yari. Idan ba dole ba ne a bar su a gida. Kuma kada ku karɓi saƙon magani a ƙulle ku kai wa wani, ko ɗan'uwa ne ya bayar.

Bambancin lokaci ba abin damuwa ba ne sosai. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku, Indiya da awa huɗu da rabi, Chaina da awa bakwai. Ga maganin mako-mako, ranar ce abin riƙewa. Idan ranarka Litinin ce, to Litinin ce a ko'ina. A sa ƙararrawa a waya, domin a cikin hidimar tafiya ranaku sukan rikice.

Methotrexate: abubuwa huɗu da ba a wasa da su

Na ɗaya, sau ɗaya ake shan sa a mako. Shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Idan ɗiya ko jika ce za ta riƙa miƙo maka magani a tafiyar, a zaunar da ita a yi mata bayani, a rubuta ranar da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Folic acid da ake haɗa maka da shi yana rage illarsa, yawanci a wata rana daban ake shan sa, kada a manta da shi a gida.

Na biyu, ƙwayarsa tana zuwa da ƙarfi daban-daban, kamar mai miligiram 2.5 da mai miligiram 10. Wanda ya saba shan ƙwaya shida masu 2.5, idan nasa ya ƙare ya sayi masu 10 a wata ƙasa ya sha shida, ya sha ninki huɗu na abin da aka rubuta masa. A riƙa ƙirga miligiram, ba yawan ƙwaya ba.

Na uku, ba ya haɗuwa da Septrin, wato Co-trimoxazole, wanda ake saye a kemis don tari ko gudawa ko ciwon fitsari. Haɗa su yana iya durƙusar da ɓargo ya daina samar da ƙwayoyin jini. Fansidar da danginsa su ma haka. Sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da masu kashe zafi irin su Ibuprofen da Diclofenac, kada a ƙara su sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna. Duk wanda zai ba ka magani, a gida ko a waje, jumlar farko da za ka faɗa masa ita ce: "Ina shan Methotrexate."

Na huɗu, ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Idan ruwan jiki ya ƙare saboda zafi ko amai da gudawa, maganin yana taruwa ya zama guba. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300. Don haka a riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo, a riƙe lema, a guji fita da tsakar rana, a sa sinadarin ruwan gishiri da sukari a jaka. Maganin yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana. Mai niyyar Umarar azumi ya tattauna da likitansa da malaminsa a kan azumin tun daga gida. Idan ranar shan maganin ta zo kana zazzaɓi ko amai ko gudawa, kada ka sha sai ka ji daga likita.

A cikin jirgi da bayan an sauka

Duk tafiyar da ta wuce awa huɗu a zaune tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, kuma wannan ciwo da kansa yana ƙara haɗarin, Tofacitinib ma haka. A nemi kujerar gefen hanya, a riƙa tashi ana takawa, ana motsa ƙafa, ana shan ruwa. 'Yan'uwana mata masu shan ƙwayar jinkirta al'ada saboda Umara ko Hajji, ku faɗa wa likita tukuna, domin ita ma tana iya ƙara wannan haɗari. Idan tafiya a cikin filin jirgi za ta yi wuya, a nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti. Haƙƙinku ne, ba abin kunya ba ne.

A wurin cunkoso a sa takunkumin fuska, a canza shi idan ya jiƙe, a riƙa wanke hannu da sabulu. Tarin da mahajjata ke dawowa da shi, wanda wasu ke mayarwa abin raha, ga mai raunin garkuwa yana iya zama nimoniya. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, sun kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar Mina. Akwai kekuna a Harami, a yi amfani da su. A kan wakilta wani ya yi jifa kuwa, malamai ne za su yi muku bayani. A sa takalmi mai laushi inda ya halatta, a riƙa duba tafin ƙafa kowane dare, domin ƙaramar ƙuna ko tsagewa tana iya ruruwa. Maza wajen aski a je wurin masu lasisi, a ga an buɗe sabuwar reza, saboda ciwon hanta nau'in B da C.

A nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu. Cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, daga raƙuma take kama mutane, kuma ta fi tsanani ga masu raunin garkuwa. Abinci kuwa, a ci mai zafi da aka dafa yanzu, a bar wanda ya daɗe a ajiye, da ɗanyen ganye da ba ka san ruwan da aka wanke shi ba, da ƙanƙarar da ba ka san asalinta ba. 'Ya'yan itace a zaɓi wanda za ka ɓare da hannunka.

Masu zuwa Ingila ko Amurka su yi inshorar lafiya ta tafiya, su kuma bayyana ciwon a takardar, domin wanda ya ɓoye, kamfanin yana iya ƙin biya. Idan zazzaɓi ya kama ka a can, ka faɗa wa likita cewa daga Nijeriya kake, a gwada maleriya. 'Yan'uwanmu mazauna Turai da ke zuwa gida hutu su ma su nemi shawara a kan maganin kariya daga maleriya, domin wasunsu ba sa jituwa da Methotrexate, kuma Hydroxychloroquine da suke sha ba zai kare su daga maleriyar ƙasar nan ba.

Kiyayewar yau da kullum a gida

Ko ba tafiya, akwai abubuwan da ya kamata su zama ɗabi'a. Tarin fuka yana da yawa a ƙasarmu, kuma yana iya kwanciya shiru a jikin mutum shekaru, sai manyan alluran nan su tayar da shi. Shi ya sa ake gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B kafin a fara su. Idan ba a yi maka ba, ka tambaya. Idan wani a gida ko a shago yana tari fiye da mako biyu, a kai shi gwaji, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da tarin fuka.

A kwana a gidan sauro, a kuma kiyaye sauron rana, domin shi ne mai kawo shawara. Nonon da ba a tafasa ba yana ɗauke da cututtuka, don haka mai son fura ya tabbatar da inda nonon ya fito. Tsire da balangu a ci da zafinsu, ƙwai a dafa shi sosai. A rufe abinci daga ɓeraye saboda zazzaɓin Lassa. Ƙaho da tsaga da yankan farce a wurin masu yawo da almakashi ɗaya, duk ƙofofi ne na shigar cuta. A kula da haƙora, a daina taba, domin tana tsananta ciwon kuma tana rage aikin maganin. Giya ba ta haɗuwa da Methotrexate saboda hanta. Jiƙe-jiƙen gargajiya da haɗin "maganin sanyi" da ake ƙullawa a leda su ma hanta da ƙoda suke wahalarwa, kuma ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Idan yaro ya yi ƙarambau ko ƙyanda a gidan, a kira likita a ranar, ba sai an ga ƙuraje a jikinka ba. Amma kada ciwonka ya sa a hana yara rigakafi, domin rigakafinsu kariya ce gare ka. Idan an ɗiga musu na shan inna, ƙwayar takan fita a bayan gidansu na wasu makonni, sai wani ya karɓi aikin wanke su, kowa kuma ya dage da wanke hannu.

Masu ajiye allura a firji, ku yi shirin ɗaukewar wuta: ƙanƙarar roba a daskare kullum, da kula a kusa. Allurar a tsakiyar firji take zama, ba a ƙofa ba, ba kusa da wurin ƙanƙara ba. Prednisolone kuma, wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke shi rana ɗaya, ko ya ƙare ko ya ji sauƙi, domin jiki yana iya faɗuwa. Yana kuma ɗaga suga da hawan jini, a riƙa aunawa.

Matan da ke son haihuwa, Methotrexate da Leflunomide suna illata ɗan tayi, kuma Leflunomide yana daɗewa a jiki bayan an daina. A tsara da likita tun kafin ɗaukar ciki, akwai magungunan da za a iya komawa kansu. Wadda ta yi manyan allurai tana da ciki ta faɗa wa ma'aikatan asibiti kafin a yi wa jaririn allurar BCG.

Alamomin da ba a jira da su

A gida ne ko a waje, a je asibiti a ranar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko rawar sanyi, ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, busasshen tari da sarƙewar numfashi, ɗigon jini a ƙarƙashin fata ko zubar jini daga dasashi, idanu su yi ruwan ɗorawa, ƙuraje masu ruwa da zafi da suka fito a ɓangare ɗaya na jiki, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko gaɓa ɗaya ta yi zafi da kumburi fiye da yadda aka saba. Ku lura, Prednisolone da Tocilizumab suna iya ɓoye zazzaɓi, don haka idan jikinka ya gaya maka ba lafiya, kada ka jira ma'aunin zafi ya tabbatar. Bayan an dawo daga tafiya ma a ci gaba da lura na wasu makonni, a koma a yi gwajin jini, a faɗa wa likita inda aka je.

Ga iyalai kuma, idan Mama ko Baba ne mai tafiyar, aikin ku ne ku bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ranar ganin likita, wasiƙa, kati, kula, da wanda zai riƙa tuna musu ranar magani. Kuɗin kujera ya fi duk wannan tsada, kuma an riga an biya shi. Rigakafi dai ya fi magani.

Mai tambaya ya aiko ta adireshin wannan jarida, za mu amsa gwargwadon hali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.